Ragon Basira da Bargon Libiya

"Ku mutanen Gangara kuna kwana bisa arziki kuna kukan talauci! Ni da na zauna Libiya, tunkiya ko atishawa ta yi na san lambar gashinta."

Maharazu ke nan, mijin Basira, tun ranar da ya dawo. To, ɗiyata, Allah na gani ba mugun mutum ba ne, bakinsa ne dai ya fi kansa girma. Abin da ya kawo daga Libiyar duka biyu ne: wani bargon ulu ja mai nauyi, da almakashi kamar na yankan kwano. Bargon nan ko matarsa ba ta taɓa shi. Baƙo ya zo, kafin a kawo ruwa an fiddo bargo.

"Taɓa ka ji, Kawu Jibo. Gashin tumaki ne. Can aske su ake yi. Na kafaɗa lamba ɗaya, na haƙarƙari lamba biyu, na ciki mai kashi lamba uku. A wanke, a shiɓe, a kaɗa, ga bargo."

Kawu Jibo, ƙanen uwarsa, ya ce, "Kai ka aske, ko gani ka yi?"

"Na gani ta katanga, ai ɗaya ne."

Ita kuwa Basira tana da rago balami fari tas, wanda ta sha wahalar kiwonsa da dusa da harawa, tana yi mashi wanka da sabulu kamar jinjiri. Burinta ta sayar da shi kafin Babbar Sallah ta sayi keken ɗinki. Ran nan ta tafi suna Cadawa, ta ce, "Malam, ka ba shi ruwa kawai."

Gogan naku ya ba shi ruwa, sannan ya ɗauko almakashi. Kin san tumakinmu ba irin na Libiya ba ne, gashinsu gajere ne a kwance kamar na akuya. Maharazu ya bi ragon nan ƙyas-ƙyas-ƙyas, nan ya zurma, can ya bar tsibiri, rago na kuka, shi kuwa yana cewa, "Yi haƙuri, arziki ne." Da ya gama, ragon nan bawan Allah ya koma kamar gonar da fari suka yi wa rabin ci.

Ya kasa gashin kashi uku bisa tabarma. Ni na gani da idona, duk ukun ba su da bambanci da sharar wanzami. Ya wanke a kwano, ya shanya, iskar hadari ta taso ta kwashi lamba ɗaya ta zuba a tukunyar miyar maƙwabta. Ranar gidan maƙwabciyarsu Salima lamba ɗaya suka ci da tuwo, suna tofarwa suna tsine wa Libiya.

Abin da ya saura ya kai wa Iya Tala, tsohuwar da ta rage tana kaɗi a unguwa.

"Iya, a kaɗa mani wannan. Ki yi hankali, kayan waje ne."

Ta ɗora a mazari ta murza, ya watse. Ta tofa yawu ta sake, ya watse, har ya shige mata hanci. Ta yi atishawa ta ce, "Ɗan nan, in dai wannan zai yi zare, gemunka ma zai yi zane. Kwashe tsiyarka."

Bai daddara ba. Ranar kasuwa ya baza kashi biyun da suka saura yana kira, "Ulu! Ulu! Kowace lamba da kuɗinta!" Har la'asar ba wanda ya taya. Can wani baduku ya tsaya ya ce zai cusa a akumarin jaki, ya kama tattarawa cikin buhu guda.

"Kai, kai! Kada ka haɗa lamba biyu da lamba uku!"

"Malam, jakina bai je lakol ya koyi lamba ba." Ya miƙa mashi goro ɗaya ya wuce.

Basira ta dawo ta tsaya bakin turke. Ta dubi rago, rago ya dube ta.

"Malam, ina ragona?"

"Ga shi nan."

"Wannan ai karen mahauta ne da ƙaho."

"Ke ba ki san harkar waje ba. Daga jikin ragon nan bargo zai fito."

"Bargo ko? To."

Wannan "to" ɗin, da yana da wayo da ya gudu. Ƙuda suka dami ragon da rana, aka yi ruwa ya kama rawar sanyi, ya ƙi cin dusa. Basira ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaka ta ɗauko bargon Libiya ta lulluɓa wa ragonta, ta ɗaure da igiya.

"Basira! Bargona!"

"Kai ka tuɓe shi, kai za ka tufatar da shi."

Kasuwar ƙarshe kafin Sallah, Basira ta sa Maharazu ya ja ragon har Gazawa, da bargonsa a baya kamar ango. Mai saye ya ɗaga bargo, sai ya ja da baya: "Subhanallahi, ƙazuwa! Wa zai yi layya da wannan?" Ɗanmalam dillali ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe cewa aski ne, kuma ga wanzamin nan tsaye. Kowa sai ya zo ya ga wanzamin, ya yi dariya ya wuce. Basira ta ga kekenta na tafiya tana kallo.

Rana ta yi sanyi sai ga wani Alhaji daga ƙetaren iyaka. Ya duba haƙoran rago, amma hannunsa na kan bargo yana shafawa.

"In da rigarsa ne, na saya yadda kuka ce."

Maharazu ya buɗe baki, Basira ta riga shi: "Allah ya sa albarka, Alhaji."

Haka aka loda rago a mota da bargon Libiya, ko waiwaye bai yi ba. Kina tsammani bakin Maharazu ya mutu? A hanya har yana ce wa Kawu Jibo, "Ban faɗa maku ba? Ulu ne ya sayar da ragon nan!"

Basira ta sayi kekenta. Ɗinkin farko kuwa na maigida ta yi, don damina ta kankama kuma ba shi da abin rufa. Ta haɗa buhuna ta ɗinke, ta kawo mashi gaban Kawu Jibo da mutanen zaure, har da durƙusawa.

"Ga bargonka, Malam. Wajen kai buhun shinkafa ne, lamba ɗaya. Tsakiya na dusa, lamba biyu. Wajen ƙafa na taki ne, lamba uku. Ka kula kada ka juya shi, ka haɗa hancinka da lamba uku."