Haƙorin Tanko da Hatimin Malam Daidai

A shekarun farko na mulkin kai, Allah ya yi wa ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan baiwa da Malam Zainulabidin. Kwas ɗin wata uku ya yi a birni, ya dawo da hatimi, da rula, da alƙalami uku a aljihun gaba, biyu ba su rubutu. Aikinsa shi ne duba majalisun shawara na ƙauyuka ya daidaita su. Kafin ya cika wata, mutane sun raɗa masa Malam Daidai. Ya ɗauka sarauta ce, yana amsawa da ɗaga hannu.

Abin da ya gani a rangadi ya tayar masa da hankali. A wani ƙauyen Kudan mutum goma sha huɗu ke zama, a Gubuchi shida, kowa da tabarmarsa. Ƙauyen Furana kuwa ya fi ko'ina lalacewa. Majalisarsu a gindin tsamiya take, kuma ba ta da ranar zama. In kaka ta gabato, wani tsoho mai suna Tanko ya zaga gonaki, ya ɓantari ƙwayar dawa ya ciza. In ta yi tauri, sai a kira Arɗo Mamuda, shugaban Fulanin yankin, a sa ranar da za a saki shanu su ci kara bayan girbi. In da sauran laushi, shanu su dakata.

"Gwamnatin ƙasa mai 'yanci ba ta aiki da haƙori," in ji Malam Daidai.

Ya fitar da tsari. Kowace majalisa mutum tara, benci uku, zama wata uku-uku, ajanda bakwai. Ranar sakin shanu ɗaya ga Disamba, daga Kudan har Ikara. Tanko ya fita don bai iya sa hannu ba. Arɗo ya fita don ba shi da adireshi.

Tanko ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ita dawar an sanar da ita?"

Malam Daidai ya ce tambayar ba ta cikin ajanda.

To, Malam yana auren Azumi, 'yar Furana, kuma surukinsa ya yanka masa gona a bakin fadama. Nan ya zuba dawa kaura, ya kafa allo ya rubuta Gonar Misali. Abincin gidansa na shekara ke nan, kuma duk baƙon da ya zo daga birni sai an kai shi ya ga allon.

A shekarar ruwa ya makara, ya kuma daɗe bai ɗauke ba. Nuwamba na ƙarewa, kaura tana nan da ruwanta. Sabuwar majalisa ta riga ta yi zamanta tun Oktoba, ta karanta ajanda, ta tashi. Tanko da Arɗo suka haɗu a gindin tsamiya, wai gaisawa kawai. Gaisuwar ta ɗauki yini guda, aka tashi a kan shanu su ƙara kwana goma sha biyar a daji.

Tanko mai zumunci ne. Ya taka har ofis, ya gaida Malam, ya tambayi gida da gajiya da aiki, sannan ya faɗa masa abin da suka yanke da Arɗo, ya ce, "Na ciza taka dawar ma, ranka ya daɗe. Da saura."

Ran Malam ya ɓaci ƙwarai. Haramtacciyar majalisa, a ƙasar da ya daidaita da hannunsa. Ya miƙe ya yi jawabi ga Tanko da bango: "Gonata ba ta neman alfarma. Doka ce ke tsaronta." Nan take ya rubuta wa Arɗo umarni cewa lallai a saki shanu ɗaya ga Disamba, ya danna hatimi har sau biyu.

Arɗo mutum ne mai biyayya ga hukuma. Ya sa aka karanta masa takardar sau uku. Ga alkawarin da ya yi wa manoma, ga umarnin gwamnati. Ya duba duk Furana, gona ɗaya ce mai ita ya yarda a rubuce a shiga ranar.

Shanu sun kiyaye lokaci fiye da ma'aikata da yawa. Da hantsin ranar babu abin da ya rage a tsaye a Gonar Misali sai allon.

Malam ya garzaya wurin magatakardan sabuwar majalisa zai kai ƙara. Magatakarda ya buɗe tsarin, ya nuna masa da yatsa: zama sai Janairu, kuma ɓarnar shanu ba ta cikin ajanda bakwai.

Da la'asar aka ga Malam Daidai a gindin tsamiya, ya tuɓe takalma, yana zaune a ƙasa. Cikin ƙaramar murya ya tambayi yadda ake yi in shanu sun ci gona.

Tanko ya ce, "Da can mukan zauna da Arɗo a rama wa mutum da dammunan dawa. Amma majalisar an rushe ta, ranka ya daɗe. Takardar ma tana wurina, ban dai iya karanta ta ba."

Rahoton Malam na ƙarshen shekara ya ce tsarin ya samu karɓuwa. Azumi kuwa ta ɗauki ƙwarya ta nufi gidan Tanko rancen dawa. Har wata kakar, duk lomar tuwon da Malam Daidai ya kai baki, haƙori ne ya fara auna ta.