Ibrananci a Bakin Kwaɓin Ƙasa

A wani ƙauye can bayan Malumfashi, ruwan farko na bana ya kayar wa Gwaggo Rifkatu bangon ɗaki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya duk suna birni, kwana tara ke nan tana shimfiɗa tabarma a rumfar awaki. Dattawan coci suka kira gayya ranar Asabar. An buga tubali ya bushe, an kwaɓa ƙasa, ita kuma ta dama kunu tukunya biyu da ɗan geron da ya rage mata. Tun hantsi hadari ya fara haɗowa daga gabas, kuma ko yaro ya san in ruwa ya sami tubalin nan a fili, sai dai a sake sabon lale.

Ana shirin kama aiki sai ga Habila ɗan maƙwabcinta, wanda bai jima da dawowa daga makarantar tauhidi ba. Farar riga ta sha guga, takalmi sau ciki yana ƙyalli. Tun da ya dawo garin babu mai shaidar ya ga hannunsa a jikin fartanya. Wani dattijo, don girmama ilimi, ya ce Habila ya buɗe da addu'a. To, nan aka tafka kuskure.

Maza sun tuɓe huluna, sun sunkuyar da kai, sai Habila ya gyara murya. "Kafin addu'a, ya kamata mu san abin da muke ginawa. A Ibrananci, gida sunansa bayit. Kalmar namiji ce, ba mace ba. In gidajen da yawa, sai a ce batim. In ka jingina ta da wani suna, sai ta tsuke ta koma bet, shi ya sa kuke jin Betel, wato gidan Allah."

Mutane suna nan a sunkuye, kowa na jin kunyar ya zama na farkon ɗagowa. Ƙasar da aka kwaɓa ta fara yin ɓawo. Gwaggo Rifkatu, ido ɗaya a rufe ɗaya a gabas, haushi ya zo mata iya wuya, ga shi an yi tsawa ta farko.

"Ɗan nan, Allah ya ƙara basira," in ji ta. "Ga kwando can, taya su ɗebo ƙasa, ka ƙarasa mana karatun kana tafe."

Habila ya dubi kwandon, ya dubi rigarsa, ya yi murmushin tausayi. "Gwaggo, ai kowa da baiwarsa. Wani hannu aka ba shi, wani kuma kai. Ba don in taka laka na sha wahalar harshen mutanen Allah ba. Ban ma zo kan yadda ake cewa gidana ba tukuna."

"Shekara nawa ka yi kana koyon harshen nan?"

"Uku cur, Gwaggo, ba dare ba rana."

Ta sunkuya ta ɗauki kwandon da kanta, ta kakkaɓe, ta miƙa masa.

"Su Ibraniyawan da suka tsotse shi a nono ma, tubali suka yi ta bugawa a Masar, kuma ciyawar kwaɓin ma da kansu suke nemowa. Karɓi nan."