Ƙafar da ta Fito a Majigi

Wani ne a Tamale, mai sayar da zabi, gidansa can unguwar Nyohini. Ranar da aka karɓi mulki daga hannun Bature, ya ɗauki kejin zabinsa ya nufi filin biki, don ya ji an ce ranar kowa zai ci nama. 'Yan makaranta na maci, makaɗa na ta aiki, ga kuma wasu mutane daga Ankara, can bakin teku, sun kafa na'urar ɗaukar silima. Sai wata zabuwa ta fasa keji. Ya bi ta. Ta ratsa 'yan maci, ya ratsa. Ta yi tsalle, ya yi tsalle, ya sauka da ka, ƙafafu a sama.

Bayan wata huɗu motar majigi ta zo gari, aka ɗaura farin ƙyalle tsakanin bishiya biyu, gari duk ya fito. Ana cikin nuna bikin sai ga zabuwa ta gifta. Sai ga ƙafa a ƙasan hoton, ta leƙo, ta koma.

"Ƙafata!" in ji shi. "Jama'a, ƙafata ce! Ta hagu!"

Wani ya ce, "Kai, rufe mana baki."

"Ba zan rufe ba. Kai me naka ya fito?"

Daga ranar ƙafar hagu ta ajiye aiki. Da safe man kaɗe, da yamma man kaɗe. Ya saya mata safa da takalmi, ta dama kuwa ƙasa tsurarta take takawa. In damina ta zo sai ya ɗage ta hagu, ya bi taɓo da tsalle a kan ta dama tun daga Nyohini har kasuwa. Gidan sauro ɗaya ne a gidan, ita ke kwana ciki, shi da sauran jikinsa a waje.

Matarsa Sahada ta ce, "Maigida, ni ma fa ƙafata biyu, kuma su ke zuwa ɗibar ruwa. Ko ɗan ragowar man nan?"

Ya ce, "Wacce aka sani a Ankara cikinsu?"

Haka har shekara uku. Ana nan sai 'yan goro da 'yan shanu na gari suka haɗa kai. Suka ce sun gaji da ganin fuskokin mutanen kudu kaɗai a majigi, ga shi ana raɗe-raɗin wani abu wai talbijin yana tafe. Suka tara kuɗi, aka yi shela bayan sallar Juma'a: fam arba'in da kuɗin mota zuwa Ankara, a je a koyi aikin, ga duk wanda ya riga ya sa ƙafa a harkar silima.

Mutumin bai jira ƙarshen shelar ba. Ya karyar da zabinsa kaf, har kejin. Ya bi maƙwabta gida-gida yana neman gafara. Ya ce wa Sahada ta ɗaure kaya.

"Duka za mu?"

"Ita za ta. Mu 'yan rakiya ne."

Ranar tantancewa mutum uku ne a bayan tebur: Alhaji Imoru ɗan shanu, shi ne shugaba, da Hajiya Alimatu 'yar goro, da Malam Abukari akawu da alƙalaminsa. Mutumin ya shigo da ɗan tsallensa.

"Dasiba," in ji shi, wato ina kwana da Dagwambanci.

"Naa," in ji Alhaji. "Zauna."

Ya zauna, ya ɗaga ƙafa da hannu biyu, ya aza a kan tebur, ya zare safa a hankali. Ƙafa sai sheƙi take yi.

"Ga ta."

Malam Abukari ya janye takardunsa. "Wane aiki ka taɓa yi a silima?"

"Ni ban yi ba. Ita ta yi."

"A matsayin me ta fito?"

"Ƙafa."

"Ta daɗe a hoton?"

"Kana ƙifta ido, Malam?"

"Ina yi."

"To, ka daina, in ba haka ba sai ta wuce ka."

Malam Abukari ya ajiye alƙalami. Ya ce, "Bawan Allah, da muka ce wanda ya sa ƙafa, magana ce kawai. Nufinmu wanda ya fara..."

Alhaji Imoru ya katse shi. "Malam, me muka ce a shela?"

"Wanda ya riga ya sa ƙafa."

"Shi kuma me ya sa?"

"Ƙafa, Alhaji."

"To, rubuta. Tun safe mutum goma sha ɗaya suka shigo nan, duk baki suka sa. Wannan ne na farko da ya zo da kayansa."

Malam Abukari ya rubuta: ƙafar hagu, ɗaya, Nyohini.

Hajiya Alimatu dai tana ta duban ƙafar. Can ta ce, "Alhaji, fam goma cikin kuɗin nan nawa ne, kuma ni ban taɓa sayen goro ban kwance huhu ba. A nuna mana mu gani."

Aka aika aka kira Mahamudu, mai kunna majigi. Ya tono tsohon faifan bikin, aka shiga shagon goron Hajiya, aka toshe tagogi da buhuna, aka rataya farin zane a bango. Mutumin ya zauna a gaba, ƙafa a kan matashi, don ita ma ta gani.

Injin ya fara ƙara. 'Yan makaranta suka wuce. Zabuwa ta gifta.

"Ga ta nan!"

"Ina?" in ji Alhaji.

"Ka ƙifta, Alhaji."

Aka mayar. Wannan karon Malam Abukari ne ya yi atishawa. Aka sake mayarwa. A na uku Mahamudu ya dafe faifan da hannu, hoto ya tsaya cak. Ga ƙafa nan cikin ƙura, yatsu biyar a baje.

Hajiya ta tashi ta je gaban zanen. Ta dubi hoton. Ta dawo ta dubi ta kan matashi. Ta sake komawa.

"Malam Abukari, me ka rubuta?"

"Ƙafar hagu."

"Zo ka dubi inda babban yatsa yake."

Ya je ya duba. Alhaji ma ya je, har ya cire takalminsa ya gwada da tasa. Ya ce, "Wannan ƙafar dama ce."

Mutumin ya ce, "Hagu ce, Alhaji. Da idona na gani. Gari duk shaida ne."

Mahamudu ya ce, "Maigida, ranar da muka nuna, ina ka tsaya?"

"Bayan ƙyallen. Gaba ta cika."

"Daga baya komai a juye yake fitowa. Dama ya koma hagu, hagu ya koma dama."

Mutumin ya dubi ta hagu a kan matashi, sumul, mai har tsakanin yatsu. Ya leƙa ƙarƙashin benci ya dubi ta dama, duk kaushi, faso kamar ka ɓoye sule a ciki. Ya daɗe yana dubanta.

Alhaji Imoru ya mayar da takalminsa. Malam Abukari ya ja layi a kan abin da ya rubuta. Hajiya Alimatu ta ce, cikin tausayi, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri. Wannan da ka kawo mana ba ta taɓa fitowa a silima ba. Sai wata shekara in Allah ya kai mu, ka zo da wadda ta fito."

Ya ce, "Hajiya, ba sai wata shekara ba. Allah ya taimake ni, na zo da ita."