Yadda Za Ka Gayyaci Dangi Suna Ba Tare Da Sun Gane Ranar Ba

An yi maka haihuwa, rago ɗaya gare ka, dangi kuwa sun cika Jibiya har sun tsallaka Maraɗi. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kowa zai ga katinka a waya, babu wanda zai iya karanta shi.

1. Launi

Baƙin rubutu a kan fari na masu son baƙi ne. Kai sa rawaya a kan fari. Fita rana ka duba wayar. In fuskarka kaɗai ka gani, ya yi.

2. Harafi

Zaɓi mai lanƙwasa, wanda kowane harafi ya rungumi maƙwabcinsa, sannan ka ƙanƙance shi. Abin nema shi ne Lahadi da Laraba su zama tagwaye. Ranar haihuwa kuwa kada ta fito daga bakinka, dangi sun iya lissafi.

3. Ado

Shimfiɗa hoton atamfar mai jego a bayan rubutun. Rubuta wurin taro da ja, a kan jan fure.

4. Gwaji

Kada ka tura sai ka gwada. Maƙwabcina Ya'u mai facin taya ya nuna nasa ga wani jami'in bakin iyaka, mutumin da ya saba karanta takardar da ruwa ya jiƙa. Jami'in ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wannan hatimin wace ƙasa ne?" Nan take Ya'u ya tura wa kowa.

5. In an kira ka

Gwaggon Ya'u, Hajjo, ta bugo daga Maraɗi.

"Ya'u, mi ka aiko mani a salula? Yara sun ce kamar tururuwa ta faɗa cikin kunu."

"Gwaggo, komai na nan a rubuce."

Haddace amsar nan. Gaskiya ce, kuma ba ta ciyar da kowa.

6. Tanadi tabarma

Hajjo ta tara dangi aka yi shawara. Wasu suka ce Lahadi, wasu suka rantse Laraba ce. Don kada a yi wa Ya'u rashin kara, suka cika mota suka iso tun Asabar, ba su motsa ba sai Alhamis. Ragon bai ga ranar suna ba. Liman kaɗai ne bai zo ba, ya ɗauka tallar atamfa aka turo masa.

Gargaɗi

Babu ruwana da ragonka, shinkafarka, ko baƙon da ya ƙi tafiya. Mai ƙorafi ya duba sharuɗɗa. Suna nan ƙasa, da farin rubutu.