Famfon da Ya Riga Ya Kawo Ruwa

Jiya na kashe yini guda a zauren taron manya, na dawo da ciwon ƙugu da robar ruwa ɗaya da aka raba mana. Wai gasa suka shirya: kowa ya rubuta gajeren labari kan yadda garinmu zai zama nan da shekara talatin. Har fankoki suka sayo sababbi don taron, ga shi babu wuta.

Ni da sai da gemuna ya yi fari na koyi haɗa baƙi, ban cika shiga irin wannan ba. Amma uwar 'ya'yana bayanta ya gaji da ɗaukar jarka, na ce bari in karanta wani abu a gaban masu iko, ko kunya za ta kama wani. Maƙwabcina mai faci ya ce in ina neman kunya a can, in tafi da tawa daga gida.

Na zauna ina saurare. Wani yaro ya kai mu duniyar wata, wata yarinya kuma ta rataya mana jirgin ƙasa a sararin sama. Babban baƙo, Mai Girma Uban Hangen Nesa, yana ta tafi, yana cewa da ma duk suna cikin shirinsu.

Nawa labarin bai fi tafin hannu ba: jikata ta tsufa, ta murɗa famfon unguwarmu da safe, ruwa ya zubo. Shi ke nan.

Na gama karantawa. Mai Girma ya duƙa ya yi ƙus-ƙus da na kusa da shi, sannan ya ɗago.

"Baba, labarin gobe muka ce, ba tarihi ba. Famfon nan ni na buɗe shi da hannuna bara, har a talabijin aka nuna."

Gaskiyarsa, Allah ya ƙara masa lafiya. Ina wurin ranar. Ruwa ya zubo kuwa, har lokacin da tankar da aka ɓoye bayan katanga ta bi ayarinsa ta tafi.

Aka cire ni daga gasar saboda rashin hangen nesa.

Da na shiga gida na yi wa uwar 'ya'yana albishir cewa ashe muna da ruwa tun bara. Sai ta miƙo mini jarkar.

Na karɓa. Mai tarihi ma ai yana alwala.