Ranar da Wata Ya Ƙi Bin Lissafina

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe bakwai saura minti takwas na yammar wata Litinin komai ya fara kwaɓe mini. (Na duba agogo, shi ya sa na sani. Haka nake tun ina ƙarama.) Muna tsaye a ƙofar gidanmu a unguwar Badariya, azumi ashirin da tara, kowa ya ɗaga kai yana neman jinjirin wata. Sama fes, babu ko alamarsa.

Kowa abincin sallarsa yake tunani, ni tikitina. An kira ni Legas don ganawar neman tallafin karatu ranar Juma'a, har Baba ya sayar da shinkafar gonarsa ta Zauro ya saya mini tikitin jirgi daga Sakkwato. A lissafina sallah Talata ce, sai in tashi Laraba. Yanzu sallah ta koma Laraba.

"Ɗiyata ba ta hawa jirgi ranar idi," in ji Baba.

Na san ɗaga rana sai da biya, kuma abin da ke hannuna kuɗin guzuri ne da na takalmin sallah. Ni kuwa ko gishiri ba na iya tayawa a kasuwa don kunya, amma ba ni biro ka ga aiki. Na zauna na cika shafi uku: kujerar nan dai ita ce, jirgin shi ne, ba ni na ɗaga tafiya ba, wata ne bai tsaya ba. Har da abin da na tuna daga darasin ciniki a makarantar kakana na zuba.

Da safe na isa ofishin wakilin jirgin a unguwar Nasarawa, wani dattijo mai tabarau da kowa ke kira Baba Wakili. Ofishin cike da fatake. Da layi ya zo kaina, maimakon in miƙa takardar, sai na ji bakina ya fara karantawa. Da ƙarfi. Ban tsallake ko layi ɗaya ba. Na rufe da cewa, "Wannan zalunci ne tsagwaronsa."

Wani falken albasa daga Argungu ya ce, "Malama, a ƙaro muna shafi na huɗu, azumi ya yi sauƙi!"

Baba Wakili ya sauke tabarau. "Ɗiyar Alhaji, ranar da kika zo sayen tikitin ga, mi na ce miki?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Ban ce ki bar kwana guda tsakani ba, wata bai da alkawari? Kika fiddo kalanda daga jaka, kika nuna mini da jan biro cewa azumin bana ashirin da tara ne."

Ai kuwa ofis ya ɗauki dariya. Abin takaicin, kalandar tana cikin jakata a lokacin, har gefenta ya leƙo. Ko 'yar goye a garinmu ta san ba a yi wa wata alkawarin rana, sai ni mai littattafai. Na so ƙasa ta tsage.

Na ƙirga kuɗin takalmin na ajiye masa. Ina kallonsa yana gyara tikitin zuwa Alhamis na gane yana da tasa gaskiyar: kujerar da na riƙe tun farkon azumi, wani aka hana. Darasin da na koya ke nan, kafin ka rubuta wa mutum shafi uku, ka tuna ko ya taɓa ba ka shawara kyauta.

Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Wannan karon a hankali na faɗa, babu takarda.

"Baba, to in jirgin ne ya ɗaga rana, ya bar mutum zaune a Sakkwato, wa ke biyanmu?"

Dariyar ta tsaya. Falken albasa ya gyaɗa kai. "Sau biyu ana yi mini haka."

Baba Wakili ya turo mini tikitin.

"Wagga tambaya ta fi shafukanki uku nauyi. Je ki yi karatun, ki dawo ki yi musu ita. Ni ma da ke sayar musu da tikiti, ban taɓa jin amsarta ba."