Malam Tamba Ya Zo Kwasar Miliyoyi

"Lahiya lau, amarya. Ina gajiyar zaman banza?"

"Babu gajiya, angon da bai san hanyar kasuwa ba. Ya mutanen Argungu?"

"Suna gaishe ki, ban da masu hankalinsu."

Da wannan gaisuwa Malam Tamba ya sauko daga babur ɗin kabu-kabu a bakin rumfar Riskuwa, a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, da hantsin wata Talata. Riskuwa jikarsa ce, sana'arta cire wa mutane kuɗi da ɗan injin nan na hannu. Tun tana goye yake kiranta amarya, ita kuma da ta yi baki ta fara ramawa, har yau babu wanda ya gaji. Shi kuwa manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, ba ya zuwa birni sai da dalili. Yau ya zo da buhu biyu, ɗaya cike an ɗinke bakinsa, ɗaya wofi a naɗe a hammata.

"Yau kam an tuna da ni," in ji Riskuwa tana shafa cikakken. "Shekara ashirin da biyar ina jiran lefe, sai ga shi a buhun taki."

"Ɗauke hannunki. Wanga ba na ci ba na. Iri na."

Ta janye hannu. Kowa a danginsu ya san irin Malam Tamba. Da kansa yake bin gona kafin yanka, yana zaɓen zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ya buge su daban, ya ajiye a ɗakin kwanansa inda ko kaza ba ta isa ta leƙa ba. Ga shi ruwa ya janye daga fadama, makon nan ake zuba irin noman rani. In wannan buhu ya fita daga hannunsa, babu kasuwar da za a sayo irinsa.

"To me iri ya zo yi birni? Makaranta za ka sa shi?"

"Saida min shi za ki yi wurin Alhaji Atiku mai hatsi. Ki zuba kuɗɗin cikin wayag ga kahin la'asar."

"Na hammatar fa?"

Ya warware shi, ya kakkaɓe. "Na kwasar dukiya na. In bai isa ba ki ara min zanenki."

Sai ya zaro waya daga aljihu, ya buɗe mata. Wani wasa ne mai layi uku da ke juyawa, ga kankana, ga ƙararrawa, ga kifi. Ka danna da yatsa su yi ta gudu su tsaya. In kifi uku suka jeru, sai wayar ta yi ƙara kamar ana zuba sulalla a faranti. Can sama an rubuta abin da ya tara.

"Karanta da ƙarhi, maƙwabta su ji," in ji shi.

"Miliyan sittin da biyu."

"To ki gyara zama. Da mai kuɗɗi kike magana."

"Mai kuɗi da takalmi ɗaure da waya. Ina ka samo wannan?"

"Shi yas same ni. Ina kallon bikin kamun kihi na bara, sai wani kihi ya tsallako kan hoton. Na danna in kore shi, sai ya zauna. Ran nan ya ba ni sulalla kyauta, ko gaisawa ba mu yi ba."

"Da suka ƙare fa?"

"Sai na zuba jari."

"Tsaya tukuna. Zabin Inna Hodi guda uku, da ta ce min muzuru ya kama?"

Inna Hodi ita ce matarsa, kakar Riskuwa. Malam Tamba ya ɗaga kai yana duban kwanon rumfa.

"Muzurun nan," in ji Riskuwa, "yana da farin gemu? Yana zuwa masallaci sahun gaba?"

"Ke dai ba ki da tarbiyya. Laihin ubanki na."

"Wa ya haife shi? Caca kake yi da tsufanka, tsoho."

"Tir da bakinki! Caca ta 'yan tasha ta, masu karta. Wanga kamun kihi na. Ni Bakabe na, kakana da hannu yake kama giwan ruwa."

"Shi da ya kama an dafa an ci. Naka guda nawa suka shiga tukunya?"

"Don haka niz zo. Na kai wurin mai cire kuɗɗi na garinmu, ya ce ba su hita. Injinshi ƙarami na, ba ya ɗaukar miliyoyi."

"Nawa ma irin nasa ne."

"To shi ya sa za a buɗe akwatin zinari. Duba." Ya nuna mata wani akwati mai walƙiya, da agogo a ƙarƙashinsa yana cin lokaci. "In na saye shi, nan ƙohwar hita take. La'asar na yi ya wuce ni."

"Wa ya ce maka ƙofar fita ce?"

"Ana sa ma akwati kwaɗo in babu komi ciki?"

"Jiya ƙarfe nawa agogon ya ce zai rufe?"

"La'asar."

"Shekaranjiya fa?"

Ya yi tari. "Sun ɗaga min ƙahwa. Sun san da dattijo suke hulɗa."

"Sun san da mai zabi suke hulɗa." Ta karɓe wayar, ta ja hoton ƙasa. "Ka ga rubutun nan ƙanana-ƙanana, kamar ƙwan kifi? Cewa ya yi wasa ne kawai. Sulallan ba kuɗi ba ne, ba a canza su, ba a cire su, ko ka tara ɗaki guda. Naka na gaske ke shiga, nasu na hoto ke fitowa. Ɗan caca ma wata rana yakan koma gida da wani abu. Kai gidan da ka shiga maginin bai bar ƙofar fita ba."

"Ƙarya kike. Tsoro kike in yi arziki in sake ki."

"Ka sake ni yau in yi walima. Wa za ta kwashi mai haƙori huɗu?"

"Biyar na."

"Na biyar ɗin yana rawa tun ina firamare."

"Ke dai kira Alhaji Atiku. In ba ki kira ba in ɗauka da kaina, ƙahwata ba ta mutu ba."

Ya sunkuya ya kama kunnen buhun da gaske. Riskuwa ta san halinsa, in ya sa kai ko sa biyu ba sa juyo shi. Sai ta ɗora ƙafa a kan buhun.

"Mu yi sharaɗi. Ga Mama Basirat can tana suya. Ka kai mata miliyan sittin da biyun nan duka. In ta ba ka ƙosai ɗaya, ɗaya tak, ni zan ɗauki buhun nan a ka har shagon Alhaji Atiku, ina tafe ina yi maka kirari. In ta hana, iri ya koma Argungu."

"Ƙosai ɗaya? Har kaskon zan saye, in sa ki wanke-wanke."

Mama Basirat Bayarabiya ce, ta fi shekara ashirin a unguwar, Hausarta har da karin Kabi. Ta goge hannu, ta karɓi wayar ta duba.

"Sannu da zuwa, Baba. Ai na san kihin nan. Maigidana Wale ya kai miliyan ɗari biyu."

"Kin ji ko!" in ji Malam Tamba yana hararar Riskuwa. "Yana ina yanzu? Makka?"

"Yana gida. Ni ke zuba mai mai a babur."

"To ni dai ba ni ƙosai ɗaya, ki riƙe canji."

"Baba, ko ƙonanne ba ni badawa." Ta miƙa masa wayarsa. Sannan ta tsamo guda uku masu zafi, ta naɗe a takarda. "Amma ci wanga sadaka, ka sha hanya."

Riskuwa ta riƙe ciki. "Jama'a ku taho ku gani! Mai miliyan sittin ya karɓi sadaka!"

Malam Tamba ya koma rumfa ya zauna a kan buhun iri, ƙosai a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Agogon akwatin yana ta gudu. Ya daɗe yana dubansa. Can ya ajiye wayar a benci, ya sa tafin hannu ya shafa gefen buhun, shinkafar ta yi ɗan sautinta a ciki.

"Zabin nan," in ji shi, "ɗaya har ta hwara ƙwai."

"Allah ya jiƙanta."

Sai dariya ta kuɓuce masa, har haƙorin nan na biyar ya yi rawa. Ya tura mata wayar.

"Riƙe. Shekara ashirin da biyar kina gorin sadaki. Ga miliyan sittin da biyu, Basirat shaida ta. Duk Kabi babu wadda aka biya ma haka."

"Na karɓa. Tun da dukiyata ce, ni ke da iko da ita." Ta yi 'yan danne-danne. "Na sa wa wurin saye lamba, ni kaɗai na san ta. Kifin na bar maka aro, ka yi wasa da abin da suka ba ka kyauta in kana gadin tsuntsaye. In ya ƙare, ka tashi ka kaɗa gwangwani. In kuwa na ji ko ɗan tsako ya ɓata a gidan nan, zan faɗa wa Inna Hodi sunan muzurun."

"Wagga ba mata ba ta, ɗan sanda na aura."

Ta tsayar da kabu-kabu, aka ɗora buhun iri. Malam Tamba ya hau, ya rungume buhun ta baya kamar mai tsoron a ƙwace. Riskuwa ta naɗe na wofin ta cusa masa a hammata.

"Wannan kuma ka dawo min da shi bayan yanka. A cike. Ban yarda da lefen hoto ba."

"Awo," in ji shi, bakinsa cike da ƙosai. "Amma ki sani, daga ta ƙasan masussuka zan ɗebo miki, mai tsakuwa."